Yadda magana ta dawo wa Jill Bolte Taylor bayan jini ya ɓalle mata a ƙwaƙwalwa

A safiyar ranar 10 ga Disamba, 1996, wata jijiyar jini ta fashe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwar Dakta Jill Bolte Taylor, tana gida ita kaɗai a wajen birnin Boston na ƙasar Amurka. Shekarunta 37 a lokacin, kuma aikinta shi ne nazarin ƙirar ƙwaƙwalwar ɗan Adam a Makarantar Likitanci ta Jami'ar Harvard, inda take bincike a kan cututtukan taɓin hankali, fannin da ta shiga saboda ɗan'uwanta da ke fama da irin wannan larura. Cikin awa 4 ta kasa tafiya, ta kasa magana, ta kasa karatu da rubutu, ta kuma kasa tuna komai na rayuwarta. A lissafinta, sai da ta yi shekara 8 kafin ta ce ta warke sarai. Ba kasafai ake samun mai shanyewar ɓarin jiki wanda ya san sunan kowane sashe na ƙwaƙwalwa tun kafin ciwon ya same shi, sannan ya rayu har ya ba da labarin yadda sassan suka riƙa ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya ba. Sau da yawa ana ba da labarinta kamar wani abin al'ajabi da ba shi da bayani, alhali kusan kowane mataki na warkewarta yana da dalilin da masana suka sani, kuma sanin dalilin ya fi mamakin amfani ga wanda ke jinyar irin wannan mara lafiya.

Kamar yadda ta bayyana daga baya, ta farka ne da matsanancin ciwo a bayan idonta na hagu. Ta ɗauka ciwon kai ne da zai wuce, har ta hau na'urar motsa jiki, sannan ta shiga wanka, amma sai ta lura tafiyarta ta yi nauyi, ƙarar ruwan famfo ta zame mata azaba, kuma zancen zucin nan da kowane mutum ke yi da kansa ba tare da ya buɗe baki ba ya fara yankewa yana dawowa. Sai da hannunta na dama ya saki gaba ɗaya ta gane abin da ke faruwa. Daga nan neman taimako ya zama aiki, domin lambar waya ta ƙi zama a kanta. Ta shafe fiye da rabin awa tana bin tarin katunan adireshi ɗaya bayan ɗaya, tana ganin tawada a kan takarda amma ba ta ganin haruffa ko lambobi, sai dai zane-zane. Dabarar da ta yi ita ce ta dubi siffar zanen da ke kan takarda, ta nemi mai kama da shi a kan maɓallan waya ta danna, tana rufe wanda ta riga ta danna da yatsa don kada ta maimaita. Da abokin aikinta ya ɗauka, ba ta fahimci ko kalma ɗaya daga bakinsa ba, ta ce muryar ta zo mata kamar haushin kare. Da ta buɗe baki don ta faɗi sunanta ta nemi agaji, irin wannan sautin ne ya fito daga nata bakin, kuma sai a lokacin ta san cewa maganarta ta tafi, domin a cikin kanta tana jin kamar ta faɗi jimlar daidai. Abin da bai ɓace ba shi ne fahimtar yanayin murya, don daga taushin muryarsa ta gane ya fahimci akwai matsala kuma zai turo taimako.

Wannan kiran waya kaɗai ya nuna kusan duk abin da likitoci ke nufi da afasiya, wato lalacewar iya amfani da harshe sakamakon rauni a ƙwaƙwalwa, larurar da ke samun kusan kashi 1 cikin 3 na waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama. A wajen fiye da kashi 90 cikin 100 na masu amfani da hannun dama, da ma akasarin bahagwai, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke ɗauke da nauyin harshe, kuma da yake kowane ɓangare yana sarrafa kishiyar gefen jiki ne, shi ya sa rasa magana ke yawan zuwa tare da shanyewar hannu da ƙafar dama. A 1861 likitan Faransa Paul Broca ya binciki ƙwaƙwalwar wani mutum mai suna Leborgne, wanda ya yi shekara 21 a asibitin Bicêtre ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya tak, Broca ya ga rauni a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwar. A 1874 kuma Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana marasa lafiyar da bakinsu ke zuba da magana amma babu ma'ana a ciki, ba sa kuma fahimtar ta wasu, waɗanda rauninsu ke can baya kusa da saitin kunne. Tsakanin wuraren biyu akwai damin zaruruwan da ke kai saƙo da dawo da shi. Jinin da ya zuba a kan Taylor ya taru ne a wannan yanki, shi ya sa furuci da fahimta da karatu suka tafi tare, yayin da gane yanayin murya, wanda ɓangaren dama ke da babban hannu a ciki, ya tsira.

Ya kamata a tsaya a kan wani abu a nan, domin a kansa ne iyalai da yawa ke yin kuskuren da ke cutar da mara lafiya. Matar da ta kasa karanta lamba ita ce ta ƙirƙiro dabarar daidaita siffa da siffa, ta kuma yi tunanin rufe lambar da ta danna. Hankalinta na nan yana aiki, hanyar shiga da fitar kalmomi ce ta toshe. Ta sha nanata cewa abin da ya fi yi mata ciwo a asibiti shi ne masu ɗaga mata murya kamar kurma, da masu gaggawa, da masu magana a kanta kamar ba ta wurin, kuma waɗanda suka amfane ta su ne masu zuwa kusa, su dube ta a ido, su yi magana a hankali, su jira amsa.

An kai ta Babban Asibitin Massachusetts, inda hoton jijiyoyi ya nuna musabbabin abin. Wani curin jijiyoyi ne da aka haife ta da shi, inda jijiyar da ke kawo jini da ƙarfi daga zuciya ta haɗe kai tsaye da mai mayar da shi, babu ƙananan jijiyoyin da ke rage ƙarfin gudun a tsakani, har bangon ya gaji ya fashe. A rana ta uku mahaifiyarta, tsohuwar malamar lissafi, ta iso. Taylor ta ce da aka gaya mata mahaifiyarta na tafe, ta daɗe tana juya kalmar a kanta tana neman ma'anarta. Uwar da ta shigo ba ta tsaya tambayoyi ba, ta hau gadon ta rungume ta. Ranar 27 ga Disamba, kwana 17 bayan faruwar abin, aka buɗe ƙoƙon kanta aka cire curin jijiyoyin tare da gudan jini mai girman ƙwallon golf, wato faɗin santimita 4 da ɗoriya, wanda ke danne da yankin harshe.

Matakin farko na warkewa, na kwanaki da makonnin farko, ba koyo ba ne, kuma ba sabuwar ƙwaƙwalwa ce ke tsirowa ba. Ƙwayoyin da suka mutu sun mutu ke nan. Amma yankin da ya daina aiki a ranar farko ya fi wanda ya mutu faɗi nesa ba kusa ba. Kamar gonar da ambaliya ta shiga ne: wata shukar ruwa ya tumɓuke ta ya tafi da ita, wata kuwa kwantar da ita kawai ya yi, kuma sai ruwan ya janye manomi ke sanin ainihin asararsa. A kewayen wurin da ya lalace akwai ƙwayoyin da kumburi da nauyin gudan jini suka matse, ko jinin da ke isa gare su ya ragu har suka yi shiru ba tare da sun mutu ba. Binciken Argye Hillis da abokan aikinta a Jami'ar Johns Hopkins, a kan masu toshewar jijiya, ya nuna cewa idan jini ya koma irin wannan yanki a kwanakin farko, fahimtar kalmomi da kiran sunayen abubuwa kan inganta nan da nan. Akwai kuma wani abu da Constantin von Monakow ya yi bayaninsa tun 1914, cewa sashe mai lafiya da ke nesa da raunin yana iya ɗaukewa don kawai saƙon da ya saba samu daga wurin da ya lalace ya yanke, sannan ya farfaɗo a hankali. A lamarin Taylor wannan mataki yana da nauyi ƙwarai, saboda jinin da ya zuba yakan ture nama ya danne shi fiye da yadda yake kashe shi kai tsaye, kuma tiyatar ta ɗauke dannin. Ta ce zancen zucinta, wanda ya yi makonni a ɗauke, ya fara dawowa ne bayan tiyatar.

Mataki na biyu shi ne wanda masana suka fi daɗewa suna muhawara a kansa, wato rawar da ɓangaren dama ke takawa. A 1877 likita Thomas Barlow na Landan ya ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 10 da ya rasa magana tare da shanyewar gefen dama, maganar ta dawo cikin makonni, sannan bayan wata 3 wani bugun ya same shi a ɗaya ɓangaren, maganar ta sake tafiya ba ta dawo ba. Da aka duba ƙwaƙwalwarsa bayan rasuwarsa, an sami rauni a wuri iri ɗaya a hagu da dama, aka ɗauki hakan hujjar cewa dama ce ta karɓi aikin bayan hagu ta gaza. Na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki sun nuna cewa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. A 2006 Dorothee Saur da abokan aikinta a Jamus suka wallafa binciken da suka bi marasa lafiya 14 da hoton irin wannan na'ura, mai suna MRI, sau uku. A kwanakin farko yankunan harshe na hagu, har da waɗanda ba su lalace ba, sun yi sanyi. Bayan kusan mako 2 aiki ya tashi sosai a ɓangarorin biyu, musamman a wurin da ke dama wanda ya yi daidai da yankin da Broca ya gano a gaban hagu, kuma tashin ya zo tare da ingantuwar magana. Bayan watanni da yawa kuwa sai aikin ya koma hagu, na dama ya ragu, maganar kuma ta ƙara kyau. Abin da wannan ke nunawa shi ne dama tana riƙon ƙwarya a lokacin da hagu ke cikin ruɗani, amma warkewa mafi inganci takan samu ne idan abin da ya tsira a hagu ya karɓi aikinsa. Yadda harshen Taylor ya dawo har ta koma koyarwa ya fi dacewa da wannan fasali, ko da yake ita kanta a jawabanta ta fi karkata ga raba hagu da dama kamar halaye biyu masu zaman kansu, rabon da masana da dama ke ganin ya wuce abin da hujja ta tabbatar.

Mataki na uku shi ne mai tsawo, kuma a nan ne abin da aka yi a gida ya shigo. Mahaifiyarta ta tare da ita, ta kuma ɗauki wata hanya da ta dace da abin da bincike ya tabbatar daga baya. Ta daina yi mata tambayar da amsarta i ko a'a ce, domin irin wannan tambaya ba ta tilasta wa ƙwaƙwalwa neman komai. Idan lokacin abincin rana ya yi, sai ta jera mata zaɓi: wata miya, ko burodi da cuku, ko wani haɗin kifi. Kowane suna sai Taylor ta shiga nemansa a kanta har hoton abin ya zo. Ranar da sunan kifin ya ƙi kawo mata komai, uwar ta yi mata bayaninsa, daga ina yake, yaya launinsa, da me ake haɗa shi, sannan shi ɗin aka ci a ranar. Ƙa'idarsu ke nan: kalmar da aka nema aka samu an sake buɗe hanyarta, wadda ta ƙi samuwa kuma a koya ta sabuwa, da ido da hanci da harshe gaba ɗaya. Karatu ne ya fi ba ta wahala. Uwar ta nuna mata harafi ta ce wannan yana da suna kuma yana da sauti, ita kuwa ta yi gardama cewa zane ne kawai. Sai da aka bi haruffa ɗaya ɗaya, sannan haɗa sauti da sauti, sannan aka zo ga matsala ta gaba, cewa tana iya furta kalmar da ke rubuce ba tare da ta san abin da take nufi ba. Ta kuma yi watanni tana zuwa wurin ƙwararriyar mai gyaran magana. Tsakanin darasi da darasi, barci take yi mai yawa, uwar kuma ta hana a tashe ta, ta hana rediyo da talabijin da taron masu dubiya su cika mata kai.

Dalilin da ya sa irin wannan naci ke aiki sananne ne. Tun 1949 Donald Hebb ya kawo ra'ayin cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke yawan aiki tare mahaɗarsu na ƙara ƙarfi. A shekarar da Taylor ta kwanta, 1996, Randolph Nudo da abokan aikinsa suka nuna a kan birai cewa bayan ɗan ƙaramin rauni a yankin da ke sarrafa hannu, idan aka bar dabbar ba horo, har yankin hannu mai lafiya da ke maƙwabtaka da raunin yakan ƙanƙance, idan kuwa aka sa ta ta riƙa ɗauko abinci da yatsun, yankin yakan tsira, wani lokaci ma ya faɗaɗa. A makonnin da ke bin rauni, ƙwayoyin da ke kewaye suna fitar da sababbin rassa suna neman inda za su haɗu, kuma aikin da mutum ke yi ne ke tantance mahaɗar da za ta zauna da wadda za ta shuɗe. Saboda haka tausayin da ke sa 'yan'uwa su riƙa ƙarasa wa mara lafiya jimla, ko su miƙo masa ruwa tun kafin ya yi yunƙurin kiran sunansa, yana hana shi ainihin abin da yake buƙata, duk da cewa da kyakkyawar niyya ake yi. Barcin ma ba lalaci ba ne, domin a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke tabbatar da abin da aka koya da rana.

Wata 4 bayan faruwar abin, Taylor ta tsaya gaban jama'a a wata kwaleji ta jihar Massachusetts ta gabatar da lacca ta minti 20, bayan ta yi ta kallon bidiyon wata tsohuwar laccarta tana sake koyon abin da ta taɓa sani da yadda take faɗinsa. Daga baya ta koma jihar Indiana, inda ta tashi, ta ci gaba da koyar da ilimin ƙirar jiki. Lissafi bai fara dawowa ba sai a shekara ta huɗu. A 2008 ta yi jawabi a taron TED, dandalin gajerun jawabai da ake yaɗawa a intanet, jawabin da miliyoyin mutane suka kalla. Ta ce ta sha jin likitoci na cewa abin da bai dawo ba cikin wata 6 ba zai dawo ba, kuma tana ganin wannan magana ba daidai ba ce. Gaskiya ne cewa mafi saurin ci gaba yana faruwa ne a wata 3 na farko, amma raguwar sauri daban, tsayawa daban. A 2017 Caterina Breitenstein da abokan aikinta suka wallafa gwajin da aka yi a Jamus a kan mutum fiye da 150 waɗanda suka haura wata 6 da afasiya, inda horon magana na aƙalla awa 10 a mako, na tsawon mako 3, ya inganta yadda suke isar da saƙo a zancen yau da kullum idan aka kwatanta da waɗanda ke jiran layi.

Duk da haka, zalunci ne a ɗauki lamarin Taylor a auna kowane mara lafiya da shi, ko a ce wanda bai warke kamarta ba bai yi ƙoƙari ba ne. Abubuwa da yawa sun taru a gefenta: ƙuruciya, jijiyoyin da in ban da curin nan lafiyarsu ƙalau, babban asibiti a kusa, tiyatar da ta yi nasara, da uwa mai haƙurin koyarwa wadda ta ajiye komai ta zauna da ita. Musabbabin nata ma ba shi ne aka fi gani ba. A ƙasashen Turai da Amurka zubar jini ba ta wuce kusan kashi 15 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki ba, sauran toshewar jijiya ce. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya sami zubar jini a kusan kashi 1 cikin 3, kuma hawan jini ne babban dalili, wanda yakan fasa jijiya a can cikin ƙwaƙwalwa, a jikin da ciwon ya riga ya daɗe yana ci. Abin da ya fi nuna yadda harshe zai dawo shi ne girman raunin, da wurin da ya faɗa, da tsananin afasiyar a kwanakin farko. Wurin ma ba saman ƙwaƙwalwa kaɗai ake nufi ba. A 2007 Nina Dronkers da abokan aikinta suka saka ƙwaƙwalwar Leborgne, wadda har yanzu ke ajiye a Paris, cikin na'urar MRI, suka ga raunin ya nutsa ciki ya yanke zaruruwan da ke haɗa gaba da baya, abin da Broca bai gani ba don bai yanka ta ba. Idan waɗannan zaruruwa suka yanke, yankunan da suka tsira ba su da hanyar tuntuɓar juna, kuma warkewa takan yi wuya.

Ga waɗanda raunin ya cinye mafi yawan yankin harshe na hagu, babu wurin da aikin zai koma, don haka dama ce za ta ci gaba da ɗaukar abin da za ta iya. An daɗe da lura cewa wasu da ba sa iya furta jimla suna iya rera waƙar da suka sani da kalmominta. A kan wannan ne Martin Albert da Robert Sparks da Nancy Helm suka gina wata hanyar jinya a Boston a 1973, inda mai horarwa ke rera gajeriyar jimla ta yau da kullum a kan sauti biyu, na sama da na ƙasa, yana buga hannun hagun mara lafiya a kan kowace gaɓa, su rera tare, sannan a riƙa janye waƙar sannu a hankali har jimlar ta koma magana. A 2009 Gottfried Schlaug da abokan aikinsa suka ba da rahoton mutum 6 da suka yi zaman irin wannan horo sau 75 zuwa 80, inda hoto ya nuna damin zaruruwan ɓangaren dama ya ƙara kauri. Adadin mutanen kaɗan ne, kuma maganar da ake samu ta wannan hanya takan zama gajera, mai fitowa a hankali, ba irin ta Taylor ba, amma takan isa mutum ya kira sunan ɗansa, ya nemi ruwa, ya faɗi inda ke masa ciwo.